Gubar da Aka Auna wa Gwaggo

Abu uku aka ƙirga a kaina ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, kuma tun kafin maza su dawo daga maƙabarta an gama ƙirgar. Na ɗaya, masu wanka sun kwance mata ɗankwali sun tarar da kai fes, babu ko silin gashi, har gira ta tafi. Na biyu, faratanta na hannu da na ƙafa sun yi baƙi kamar an tsoma su a shuni. Na uku, wata da watanni tana gidana a Minanata ƙofa a rufe, duk wanda ya zo dubiya ni ke tare shi a bakin zaure in mai da shi. Aka ɗauki ukun nan aka ɗora a kan abin da kowa ya sani: ni dilar wake ce, ina da sito cike da buhuna, kuma wake ba ya ajiyuwa sai da ƙwayar maganin ƙwari, wadda guba ce.

Abin da ke kan faifai sunana ne. Mai sayar da abinci in aka haɗa sunanta da guba ta tashi daga kasuwa, 'yar riƙo kuwa in aka ce ita ta kashe wadda ta rene ta, ta tashi daga dangi.

Na Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma, da mai wanka da wanda aka wanke. Na zauna rubuta wannan ne don kada labarin Gwaggo, yayar mahaifina, ya tsaya a kan abin da aka gani a tabarmar wanka.

A gidanmu na gado da ke Ƙofar Kware aka yi zaman makoki. Na sha zaman makoki, na san yadda ake yi wa mai rashi gaisuwa: a durƙusa, a kama hannu, a daɗe. Ni da kan yatsu aka riƙa taɓa ni. Mace za ta shigo ta bi kowa da "ya haƙuri", in ta iso kaina sai murya ta sauka, ido ya koma kan tabarma. Wata tsohuwar maƙwabciya ta ɗaga hannu tana addu'a, ta ce, "Allah shi sa ciwon ajali na," tana kallona har ta shafa. Wata kuma da muke 'yar tsama tun muna 'yan mata ta matso kusa da ni ta ce, "Hajiya, ya sito? An ce bana ko ɓera bai kwana cikinai." Na ce mata lafiya lau, ta gai da gida. Na miƙa wa wata ruwa a kofi, ta ce azumi take, alhali da idona na ga goro a bakinta.

Matar Baffa, wato matar ƙanen Gwaggo, ita ta jagoranci wankan, kuma daga ɗakinta maganar ke fitowa. Kowa ya shiga can da fuska ɗaya, ya fito da wata. Ban tanka ba a ranar. A kasuwa na koyi cewa in ana ihu a kan kayanka, kada ka shiga ihun, ka tsaya ka ga wa ya fi kowa ɗaga murya.

Abin da ya fi yi mini ciwo, sana'ar Gwaggo ce aka ci amanarta a kanta. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu tun ban san kaina ba. Tana da ƙwaryarta, da sabulunta, da ƙullin garin magarya, da kafur a wani ɗan gwangwani. Ba ta cin abinci a gidan da ta yi wanka, ba ta karɓar ko ƙyalle. In ta dawo takan yi alwala, ta fasa goro, ta zauna shiru. In wani ya kuskura ya ce, "Gwaggo, yaya kika gan ta?" amsarta ɗaya ce: "Na gan ta ta riga mu." Takan ce, "Gawa amana ta. Mai rai in zanenta ya zame tana jawo abinta, wagga kuwa sai ke kin ja mata." Ita ta koya wa matar Baffa wanka. Wata rana a gidan suna matar Baffa ta saki baki ta ce wata marigayiya tana da tabon duka a baya. Gwaggo ba ta yi mata faɗa a cikin mutane ba. Ta dai daina aika mata in an yi rasuwa, har sai da shekara ta zagayo, matar ta zo ta durƙusa.

Ni tun rasuwar mahaifina ta ɗauke ni. Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba ta taɓa bari a ce mini marainiya a gabanta ba. Ita ta fara tura ni bakin titi da faifan wake. "Uwar wake" take ce mini, ko a gaban surukaina. Ba ta san boko ba, amma ban ga wanda ya taɓa cutarta a ciniki ba. Takan ce, "In mai kaya ya cika murmushi, soka hannunki ƙasan buhu." Ba ta yarda da mai yawan rantsuwa ba, ba ta yarda da maganin da aka ce yana warkar da komai ba, ba ta yarda da baƙon da ya yabi miya tun bai ɗanɗana ba. Zargi a wurinta ba mugunta ba ne, hanyar tsare kai ce. Bambancinta da masu zaman makokinta, ita in ta yi zargi takan je ta duba.

Faɗanta da Baffa a kan itace ne. Akwai wata magarya a tsakar gidan gado, daga ita take tsinkar ganyen da take shanyawa ta daka don wanka. Baffa limamin masallacin unguwa ne, mutum mai sanyi, amma in ya ƙudura abu sai ya yi. Ya so ya yi wa ɗansa ɗaki, ya sa aka sare magaryar ranar da Gwaggo ta tafi biki ƙauye. Ta dawo ta tarar da kututture. Ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, da ganyen itacen ga niw wanke uwarmu. Kai ma da shi nika shirin a wanke ka." Ya ce ai magarya ba ta ƙare a duniya ba. Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa. In ya yi sallama sai ta amsa wa bango. Suna cikin wannan gaba ciwo ya same ta.

Ita ta gano abinta. Ta kira ni ɗakinta, ta kama hannuna ta ɗora a wuyanta, sannan a hammatarta. Na ji ƙulalai masu tauri, ba sa motsi, ba sa zafi. Ta ce, "Na sha wanke irin wanga. Na san inda shika kai mutum." Na ce to mu fara da na gida, don kowa a garin nan ya tashi da jin cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ta harare ni. "Uwar wake, waɗanda anka hana ma allura ni niw wanke su. Ban ga sun hi kyau ba. Kai ni asibiti."

A babban asibiti aka yanki ɗan nama a wuyan aka auna. Likitan da ya zaunar da mu bai yi mana rufa-rufa ba. Ya ce jikin mutum kamar gari ne, an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. A cikin jini akwai farare daga cikinsu, su ne masu gadi. Wasu masu gadin aikinsu kisa ne kawai: suna zagayawa suna dubawa, duk ƙwayar da suka ga ta lalace ko ta kama hayayyafa ba ƙa'ida sai su manne mata, su huda ta, su zuba mata dafinsu ta mutu. Haka suke yi a jikin kowa kullum, ba tare da mai jikin ya sani ba.

Gwaggo ta ce, "Ashe tun haihuwa da masu dahi nika yawo."

Ya ce, "Ƙwarai, Mama. Sai dai ke ɓarnar daga cikin gidan masu gadin ta taso. Wasu daga cikinsu ne suka lalace suke ta yaɗuwa, na kirkin sun kasa da su."

"Mai gadi shi na ɓarawon ke nan. To kai mi za ka yi?"

Ya ce akwai magani da ake ƙarawa ta jijiya, lokaci bayan lokaci. Na ga yana zaɓen kalmomi, sai na tare shi. Na ce, "Likita, ni 'yar kasuwa ta. Ka hwaɗi kyawon kayanka, yanzu hwaɗa min aibinsu."

Ya ajiye biro. Ya ce maganin guba ne, ba ya ɓoye mana, guba ce da aka auna da nauyin mutum da ƙarfin jininsa. Ba ta san na kirki da mugu ba, abin da ta sani shi ne mai saurin hayayyafa. Za ta kashe ƙwayoyin dajin, amma za ta taɓa saiwar gashi, da fatar cikin baki, farce zai iya yin baƙi. Mafi haɗari, za ta taɓa ɓargo, inda ake haihuwar masu gadin kirki. Bayan kowane ƙarin ruwa akwai kwanakin da gari zai zauna kusan babu mai gadi. A kwanakin nan murar da yaro zai kakkaɓe ya tafi wasa tana iya kayar da ita. Ba shiga taro, ba baƙo mai tari, ba wankan gawa.

Na ce in ba a yi ba fa. Ya ce shi ba ya sa wa rai lokaci, amma irin wannan gudu yake. Na ce in an yi fa. Ya ce akwai masu warkewa, akwai masu samun sauƙi na wani lokaci, akwai kuma waɗanda maganin kan fi ƙarfinsu, musamman masu shekaru. Na ukun nan da ya faɗa ne ya sa na yarda da shi. Kuma zancen bai yi mini baƙo ba. Ni ma ƙwayar da nake naɗewa a tsumma in cusa a buhu, in ta yi kaɗan ƙwari su cinye waken, in ta yi yawa ko aka buɗe aka dafa ba a sha iska ba, a cuci mai ci. Duk sana'ar a awo take.

A hanyar dawowa Gwaggo ta kafa mini sharaɗi. Kada kowa ya ji sunan ciwon. Ta ce in dangi suka ji daji ne kuma ana sa mata allura, za su cika gidan da ƙullin magani da kuka, Baffa ya zo ya ɗauke ta da ƙarfin shi ne namiji, ita kuwa ba ta da ƙarfin yaƙi biyu. Na ce za a zarge ni. Ta ce, "Ke da kinka saba? In na warke ni ka wanke ki da bakina." Ban tambaye ta in ba ta warke ba wa zai wanke ni.

Mai sa mata ruwan wata nas ce 'yar Filato da ke zaune a Sabon Gari, muna ce mata Sista. Takan sa safar hannu biyu, da riga ta roba, da takunkumi, kafin ta taɓa maganin, wani ja wur da shi. Ranar farko Gwaggo ta bi ta da kallo ta ce, "Ke ɗiyar nan, ke safa biyu don kar shi taɓa maki hwata, ni kuwa cikin jijiya?" Sista ta yi dariya ta ce, "Mama, ni ba ni da abin da zai kashe mini sai ni kaina. Ke kina da abokan gaba a ciki." Gwaggo ta ce to a zuba. Zoɓo ta sa masa suna. In ranar ta zo sai ta ce, "Tashi mu tai shan zoɓon Sista." In mun dawo ta yi ta amai, bakinta ya yi gyambo, kunu ma da ƙyar. Ranar da gashi ya fara biyo matsefi ta tattara shi ta ba ni ta ce in binne a bayan ɗaki, ta ɗaure ɗankwali, ban ƙara ganin kanta a buɗe ba sai in ina yi mata wanka.

Amma ƙulalan suka fara narkewa. Matar da ba ta iya kwanciya sai a jingine saboda numfashi ta koma barci a miƙe. Tsakanin ƙarin ruwa da ƙarin ruwa takan samu kwanakin da za ta ci tuwo da miyar kuka, ta zauna a inuwa tana tsince mini wake tana zagin masu aikina.

Ƙofa kuwa na rufe ta, kuma ban rufe da wasa ba. A garin nan hana dubiya ya fi zagi. Mata su yi ƙungiya su biya kuɗin mota su zo da fura da lemo, in tsaya a zaure in ce tana barci, likita ya hana. Su ce wane irin ciwo ne ba a ganin mai shi. In ce na jiki. Na san abin da ake faɗa a hanyar komawa.

Baffa ya zo da kansa, da hantsi, a kwanakin da gwajin jini ya nuna masu gadinta sun yi ƙasa ƙwarai. Tun daga nesa na ji tarinsa, yana fyace hanci a gefen rawani. Na durƙusa na gaishe shi, ban kauce daga ƙofa ba. Ya ce, "Ɗiyata, wurin yayata niz zo, magana gare ni da ita." Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, ba yau ba. In kun warke mura ku dawo." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ɗaga murya ya yi sallama har sau uku yadda za a ji a ciki. Ba a amsa ba. Ya juya ya tafi, bai karɓi ruwan da na miƙa ba.

Saura ƙarin ruwa ɗaya a gama abin ya faru. Na tafi cin kasuwar ƙauye sayen sabon wake. Aka tsinci wata baƙuwa ta rasu a wani kango kusa da Ƙofar Kware, ba a san danginta ba, jikinta duk miki, mata suka ƙi taɓa ta. Matar Baffa ta rasa yadda za ta yi, ta bugo wa Gwaggo waya. Gwaggo ta sa safar hannu da safar ƙafa, ta ja hijabi, ta tare ɗan kabu-kabu a bakin titi ta tafi. Ta wanke matar, ta yi mata sutura, ta zauna cikin mata har aka ɗauki gawa. Da na dawo na tarar da ita a inuwa tana tsintar wake kamar ba ta je ko'ina ba. Ƙurar takalminta ce ta tona ta. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ta bari na gama ta ce, "Wagga ba ta da kowa. In ban ja mata zane ba wa ka ja mata?"

Bayan kwana kaɗan zazzaɓi ya rufe ta. Muka koma asibiti, aka yi ta ƙarin magani, amma ƙwayar cuta ta shiga jini ta tarar da gari ba mai tsaro. Na tambayi likita ko a wurin wankan ta ɗauko. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, tana iya fitowa daga ko'ina, har daga cikin jikinta. Da azahar ta cika, kalmar shahada a bakinta, Sista na riƙe da hannu ɗaya ina riƙe da ɗaya. Na so in yi mata wanka da kaina, amma gawa tana isa gidan gado manya suka karɓe, aka ce ni yarinya ce.

Ranar addu'ar uku na aika da shinkafa da wake daga sitona aka dafa sadaka. Aka fitar da manyan farantai wurin maza da wurin mata. Ina zaune ina kallo suka riƙa dawowa yadda aka kai su, ko cokali ba a soka ba. Abincin da aka kawo daga wasu gidaje kuwa har an side kwano. A nan na san shiru ya ƙare amfaninsa. Na tashi na tafi zauren Baffa, na durƙusa a bakin ƙofa a gaban dattawan da ke tare da shi. Matarsa ta biyo ni ta tsaya bayan labule.

Na ce, "Baffa, ana cewa guba ta kashe Gwaggo. Ku tambaye ni gaban mutane."

Ya ce, "Na tambaye ki. An ba ta guba?"

"An ba ta. Ni nik kai ta, ita tac ce a kai ta. Daji gare ta, maganinsa guba na, likita ka auna shi. Shi yaz zubar da gashin, shi yab baƙanta hwarce."

Zauren ya ɗauki salati. Wani dattijo ya ce, "Daji? Kunka bari ƙarhe yat taɓa daji?" Daga bayan labule matar Baffa ta ce, "Kun ji ko! Da bakinta!" Ita ce dai mai ɗaga murya tun ranar farko, kuma na daɗe da gane dalili. Ta ga Gwaggo a wurin wankan baƙuwar nan, ta ga yadda take haki, ta ji labarin zazzaɓin da ya biyo baya. Tsoro ne ke cinta kada a ce kiranta ne sanadi. Maganar tana kan harshena, na haɗiye. Ba ta san Gwaggo ba ta da masu gadi ba, kuma mu muka hana ta sani. Na rubuta a nan ne don ta ji daga gare ni cewa ban riƙe ta ba.

Na yi wa dattawan bayanin masu gadi da ɓargo yadda na iya, da dalilin rufe ƙofa. Wasu suka gyaɗa kai, wasu suka kau da fuska.

Da na gama Baffa ya ce, "Da ba ki kai ta ba, da tana nan?"

Na ce, "Ban sani ba, Baffa. Likita ma bai sani ba. Abin da nis sani, kahin magani ba ta kwanciya, bayan magani ta kwanta, ta ci tuwo. Kuma maganin na yas sa zazzaɓi yaf fi ƙarhinta. Duka biyun gaskiya na."

Ya ja carbi. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ranar da niz zo. Ta ji sallamata?"

"Ta ji."

"Mi tac ce?"

Na ce, "Na shiga nic ce mata Baffa na, amma mura shikai, na mai da shi. Tac ce, 'Kin yi daidai. Bar shi shi gasu. In na shanye zoɓon ga na ƙarshe ni ka tahiya da ƙahwata in ci mai mutunci a kan kututturen nan, kana in yahe mai.'"

Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ba a shirya ba, daga nan ta juye. Ya ja gefen rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Da ya natsu ya sa aka jawo masa faranti ɗaya daga cikin waɗanda aka dawo da su. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ci loma uku a gaban kowa, ya tura wa na kusa da shi. Sannan ya dube ni.

"Zancen guba ya mutu nan, kar in ƙara jin shi gidan ga. Amma ƙohwa, ɗiyata, gahwara niz zo nema. Ko daga taga ai da kin bari na hwaɗi."

Tagar ba ta zo mini a rai ba ranar da ya zo, tarinsa kawai nake ji. Na ce Allah ya ba ku haƙuri. Ya ce amin.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya rufa mata asiri a can yadda ta rufa wa matan da ba sa iya jawo zanensu, ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi.

Ni mai lissafi ce, ga yadda cinikin ya tashi. Sunana ya dawo a cikin dangi, hannun Baffa ne ya dawo da shi. A kasuwa ya dawo da tabo, har yau akwai gidajen da ba sa aiko yara awo wurina, kuma na bar su. Gwaggo ta samu watannin da ta yi barci a miƙe, ta zaɓi maganinta da kanta, ta zaɓi wankanta na ƙarshe da kanta, wata baƙuwa ta shiga kabari da tsarki. Wannan ban sa shi a asara ba. Da za a maimaita, zan sake kai ta, zan sake tsayawa a zaure. Abu ɗaya ne na juya ta kowace fuska ban ga ribarsa ba: tubar da dattijo ya ɗauko daga Ƙofar Kware zuwa Minanata ya koma da ita ba a karɓa ba. Wannan asara ce tsantsa, kuma ba a kaina ta faɗa ba, a kansa ta faɗa.